Hukuncin Kisa: Tsadarsa da Ma'anar Adalci

Hukuncin kisa shi ne horo mafi tsanani da kotu ke yanke wa mai laifi, wato a ɗauki ransa bisa doka. Sashe na 33 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya yarda da shi, muddin kotu ce ta yanke. A laifuffukan da suka shafi dokar jiha, ba a zartar da shi sai gwamna ya sa hannu, kuma sashe na 212 ya ba gwamna ikon yin afuwa ko sassauci.

Shari'u biyu daga Katsina

A watan Nuwamba na 2001, wata kotun shari'ar Musulunci a Katsina ta sami Sani Yakubu Rodi da laifin kashe wata mata da 'ya'yanta biyu. Bai yi lauya ba, bai kuma ɗaukaka ƙara ba. Aka rataye shi a gidan yarin Kaduna ranar 3 ga Janairu, 2002, kimanin wata biyu bayan yanke hukunci.

A watan Maris na 2002 kuma, kotun Bakori ta yanke wa Amina Lawal hukuncin jefewa saboda ta haihu ba aure. Ita ta sami lauyoyi, suka bi matakan ɗaukaka ƙara. Ranar 25 ga Satumba, 2003, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci da ke birnin Katsina ta soke hukuncin, domin ta ga ba a bi ƙa'ida ba a shari'ar farko.

Laifin da aka tuhume su da shi ba ɗaya ba ne, nauyinsu ma ba ɗaya ba. Abin lura shi ne, inda aka sake duba shari'a an gano kuskure. Inda ba a sake dubawa ba, ko da akwai kuskure, babu sauran damar gyara shi.

Batun kuɗi

Mutane da yawa suna ganin kisa ya fi araha, tunda mai ɗaurin rai da rai gwamnati za ta yi ta ciyar da shi. A Najeriya fursunoni fiye da 3,000 ne ke jiran kisa, waɗansu shekara da shekaru, saboda gwamnoni ba su cika sa hannu ba. Shi ya sa dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ba babban alƙalin jiha ikon mayar da hukuncin zuwa ɗaurin rai da rai, idan mutum ya gama ɗaukaka ƙara kuma shekara 10 suka wuce ba a zartar ba.

A Amurka lissafin ya nuna akasin abin da ake zato. Wani bincike na 2011 ya gano cewa jihar Kalifoniya ta kashe kimanin dala biliyan 4 a kan hukuncin kisa tun daga 1978, alhali mutum 13 kaɗai aka kashe. Kuɗin sun tafi wajen lauyoyi, dogayen shari'u, ɗaukaka ƙara da tsaro na musamman. Ashe kisa yakan yi araha ne kawai idan aka gajarta bincike.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya koyar

Farawa 9:6 ta kafa nauyin zubar da jini a kan cewa an halicci mutum cikin kamannin Allah. Romawa 13:4 ta nuna cewa mai mulki bawan Allah ne wajen hukunta mai mugunta. Amma Dokar Musa ta gindaya sharuɗɗa masu tsauri. Maimaitawar Shari'a 17:6 ta hana kisa a kan shaidar mutum ɗaya. Littafin Ƙidaya sura 35 ya bambanta kisan ganganci da na kuskure, ya tanadi biranen mafaka, ya kuma hana karɓar kuɗin fansa daga mai kisan kai, don kada mai arziki ya sayi kansa. Ezekiyel 33:11 kuwa ta bayyana cewa Allah ya fi son mugu ya tuba ya rayu.

Saboda haka masu bi sun kasu biyu. Waɗansu suna ganin hukuma tana da wannan iko har yau, waɗansu suna ganin ɗaurin rai da rai ya fi dacewa, tunda yana barin ƙofar tuba da ta gyaran kuskure a buɗe.

Matsayinmu

Duk ɓangaren da muka tsaya, kada mu auna ran mutum da kuɗin abincinsa a gidan yari. Tambayar kuɗi da ta dace ita ce: an biya abin da shari'a ta gaskiya ke bukata? An ba talaka lauya? An tantance shaidu? An ji ƙararsa har ƙarshe? Haka kuma kada mu manta da iyalan waɗanda aka kashe, domin adalci ya haɗa da share musu hawaye. Aikin ikilisiya ne ta ziyarci gwauraye da marayun da kisan kai ya bari, ta ziyarci fursunoni, ta kuma yi wa alƙalai da gwamnoni addu'a su yi hukunci da tsoron Allah.