Ezima Mai Bin Dangi: Tarihin Gano Sababinta

Ezima mai bin dangi cuta ce ta fata wadda takan fara tun yaro yana goye, da bushewar jiki da ƙaiƙayi mai hana barci, ta lafa ta sake tasowa. Ba a ɗaukarta daga wani. A Sakkwato, kamar sauran ƙasar Hausa, akan haɗa ta da kirci da ƙazuwa a kira su duka ciwon fata, ko a ɗora wa jini laifi. A baƙar fata ba ta cika yin ja ba; toka-toka take yi ko ta ƙara duhu, musamman a lanƙwasar hannu da bayan gwiwa.

A 1892 likitan Faransa Ernest Besnier ya lura tana yawan zama gida ɗaya da ciwon asma. Wise da Sulzberger na Amurka ne suka raɗa mata sunan da likitoci ke kiranta da shi, a 1933. A 1952 Sulzberger da Witten suka nuna man haidirokotizon yana kwantar da ita, tun ba a san abin da yake kwantarwa ba.

Bayanin ya fara fitowa a 1966 da 1967, lokacin da Kimishige Ishizaka da matarsa Teruko a Amurka, da Johansson da Bennich a Suwidin, suka gano sinadarin garkuwar jiki IgE, wanda yakan yi yawa a jinin masu cutar. A 1986 Mosmann da Coffman suka bambance ƙwayoyin garkuwa da ake kira Th2. Su ne ke sakin saƙonnin IL-4 da IL-13 masu hura kumburi, da IL-31 mai tsokano jijiyar ƙaiƙayi. An daɗe ana ganin laifin garkuwa ne kaɗai, sai a 2006 ayarin Irwin McLean na Jami'ar Dundee ya nuna cewa naƙasar filagirin, furotin da ke ƙarfafa saman fata, tana buɗe wa cutar ƙofa. Ashe abin zagaye yake: fata ta tsage, ƙura da ƙwayoyin cuta su shiga, garkuwa ta harzuƙa, saƙonninta su rage filagirin, susa ta ƙara tsagar. Sai dai naƙasar da aka saba gani a Turawa ba ta da yawa a 'yan Afirka.

A 2017 Amurka ta amince da allurar dupilumab mai toshe IL-4 da IL-13, amma tsadarta ta fi ƙarfin talaka. Abin da binciken ya tabbatar wa Basakkwace ya fi arha. Hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, yana tsotse danshin fata, zufar bazara kuma tana tada ƙaiƙayi, don haka shafa man kaɗanya ko basilin da zarar an fito wanka gyaran saman fatar ne kai tsaye. Mayukan kemis masu ƙarfin sitiroyid kuwa, in an daɗe ana shafawa, suna sirantar da fatar yaro. Wanda ciwon ɗansa ya ƙi lafawa ya kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.