Shagamu: Daga Rikicin Oro Zuwa Ƙungiyoyin Asiri

Fataucin goro ne ya kawo kakanninmu Shagamu. Suka kafa Sabo, suka zauna da Yarabawan Remo shekara da shekaru ana ciniki.

A watan Yulin 1999 aka kashe wata Bahaushiya bisa zargin ta fito da dare lokacin bikin Oro, wanda aka haramta wa mata gani. Gari ya kama da wuta, aka yi asarar rayuka da dukiya, har aka yi ramuwar gayya a Kano. Shi ya sa dattawanmu da sun ji hayaniya sai su fara tunanin ƙabilanci.

Amma masu zubar da jini a yanzu ƙungiyoyin asiri ne, Eiye da Aiye. A Satumbar 2023 sun kwashe kwanaki suna kashe juna, har Gwamna Dapo Abiodun ya yi barazanar kafa dokar hukuncin kisa a kansu.

A ganinmu wannan ya fi wuyar magani. Rigimar ƙabila, Sarkin Hausawa da Akarigbo na iya zama su sasanta. Ɗan ƙungiyar asiri kuwa ba ya jin maganar sarki, ga shi yaranmu 'yan acaba ne ke kan titi har tsakar dare.