Ruƙiyya

ruƙiyya (suna, tamata, wasu na cewa *ruƙya*). Daga Larabci. Karanta ayoyin Alƙur'ani da addu'o'in da aka ruwaito daga Annabi (SAW) a kan mara lafiya, a bi da tofi, don neman waraka daga Allah. Mai yinta shi ne *raƙi*, amma a bakin mutane "mai ruƙiyya" aka fi ji.

An fi karanta Fatiha, Ayatul Kursiyyu (Baƙara, aya ta 255), Ƙulhuwallahu, Falaƙi da Nasi. Bukhari ya ruwaito yadda wani sahabi ya karanta wa shugaban wata ƙabila Fatiha bayan wani abu mai dafi ya harbe shi, ya miƙe, aka ba sahabin da abokan tafiyarsa garken tumaki.

Ibnu Hajar (ya rasu 1449) ya kawo sharuɗɗa uku a *Fathul Bari*: ta kasance da maganar Allah ko sunayensa da siffofinsa, da Larabci ko abin da aka san ma'anarsa, a kuma ƙudurce ba ita ke warkarwa da kanta ba. Sharaɗi na biyun ne ya sa mai koyo ke haddace kalmomin da ma'anarsu: *shifa'u*, waraka, *aini*, kambun baka, *massu*, shafar aljani, *uƙad*, ƙulle-ƙullen matsafa. Wanda ke rattaba surkulle bai san abin da yake kira ba, gara a guje shi.

*Misali:* "Baba, a kai Yaya asibiti tukuna, ruƙiyyar ma yi mata a gida."

*Duba kuma:* tofi, rubutu, laya.