Yadda Tattasan Komadugu Ya Zama Jan Zinare

Tattasan da ake shanyawa a kan rairayin Geskeru, a jihar Diffa ta Nijar, asalinsa ɗan nahiyar Amurka ne. Mutanen Meziko da na Amurka ta Kudu sun daɗe suna noma shi kafin Kolombus ya isa nahiyar a 1492, kuma jiragen ruwan Fotugal ne suka baza danginsa a gaɓar Afirka da Indiya a ƙarni na 16. Daga gaɓar teku fatake suka shigo da shi cikin ƙasa, har ya zama abin miyar kowane gida.

A kwarin Komadugu Yobe, kogin da ya raba Nijar da Najeriya kafin ya faɗa tafkin Cadi kusa da Bosso, Barebarin Mobar sun daɗe da sanin noman rani. Da jigo suke ɗebo ruwa, suna noma alkama da albasa da ɗan tattasai. Fari ne ya sauya lissafin. Bayan na 1973 da na 1984 gero ya daina riƙe gida, dabbobi suka ƙare, ruwan kogin ma ya ragu tunda aka gina madatsar Tiga a 1974, daga baya kuma ta Challawa a 1992, a can saman kogin cikin jihar Kano. Sai ga ƙananan injunan ban-ruwa suna shigowa daga Najeriya, da mai da taki masu sauƙin kuɗi. Manomin da a da ƙarfin damtsensa ne iyakar gonarsa ya sami halin shayar da fili mai faɗi. Daga Shetimari zuwa Diffa, daga Geskeru zuwa Bosso, aka rungumi tattasai, buhunan busasshe suka kama hanyar Damasak da Maiduguri da Kano. Nan ya sami kirarin jan zinare.

Amma inji ba ya gyara iri. Wannan aikin ido ne da haƙuri, kuma shi ne ɓangaren tarihin da aka fi mantawa. Manomin da ya san abin da yake yi tun tattasai na tsaye a gona yake zaɓe. Zai bi kunya-kunya yana duban gindin da ya yi rassa, ganyensa bai nannaɗe ba, ƴaƴansa dogaye masu kaurin tsoka, ja wur, ya bar su su nuna sosai, ya tsinke su daban, ya shanya daban. Daga nan ake fasawa a fitar da ƙwayar, a adana ta inda danshi ba zai kai ba. Da damina a yayyafa ta a ƙaramin fage. Ranar dashe ma wani zaɓen ne: ana ciro masu kaurin kara da gajartar gaɓa, a bar siraran da suka miƙe suna neman haske, a jefar da duk wanda saiwarsa ta yi ƙulli-ƙulli, don alamar tsutsar ƙasa ke nan. A yi haka shekara bayan shekara, gona bayan gona, sai a wayi gari da tattasan da ya saba da zafin yankin, wanda ke bushewa bai yi baƙi ba, yana kuma rina miya.

Akwai wata wahala a ciki. Furen tattasai yakan haifi kansa da kansa, amma ƙudan zuma na ɗauko garin fure daga wata gona su kawo. In barkono na kusa, zuriyar na iya fitowa da yaji ko da ƙananan ƴaƴa, don haka mai neman iri nagari yakan nisanta su.

A ƙasashen Turawa irin wannan aiki yana da suna da rajista. A Glenn Dale ta Amurka, Benjamin Morrison ya yi shekaru tun daga wajajen 1935 yana aurar da furannin azaliya, ya shuka dubban tsirrai, ya zaɓi 454 ya raɗa musu suna. Furen ado ne kawai, amma har yau an san wanda ya fito da su. A Nijar ma albasar Galmi ta sami masu binciken da suka tace irinta, sunanta ya zaga Afirka ta Yamma. Manoman Komadugu kuwa sun yi nasu ba takarda, kuma abin da suka fitar ya ciyar da jiha guda.

Shi ya sa abin da ya faru daga Fabrairun 2015 ya fi asarar kuɗi zafi. Bayan harin Boko Haram a Bosso da Diffa, gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci, ta hana cinikin tattasai da kifi, ta taƙaita mai da taki, ta hana hawa babur. Ƙauyukan bakin kogi, ciki har da na Geskeru, suka watse, mutane suka koma bukkoki a gefen babbar hanyar kwalta. An ɗage haramcin tattasai a 2017, sai ambaliyar 2019 ta cinye gonaki. Ƙwayar tattasai ba ta jure ajiya. Bayan ƴan shekaru a ɗaki mai zafi ba ta tsirowa. Wanda ya gudu ya bar irinsa ya bar zaɓen da ubansa ya fara. In ya dawo, sai abin da ya samu a kasuwa, ko na gwangwani mai aure, wanda ke yin kyau a shekarar farko amma ƴaƴansa ba sa gadon kamanninsa, dole a sake saye kowace shekara.

Cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, da jami'ar Diffa da ƙungiyoyin manoma su ne ya kamata su tashi yanzu. A bi dattawan Geskeru da Bosso da suka tsira da irinsu, a karɓi kaɗan daga kowa, a rubuta sunan ƙauyen da ya fito, a shuka a gwada, a adana, sannan a mayar wa masu shi da iri mai tsabta tun waɗanda suka san na ainihi suna raye.