Harshen da masu yankan tikiti suka gada

Duk wanda ya leƙa ofishin masu yankan tikitin jirgin sama a Kano ko Abuja zai tarar da kwamfuta sabuwa fil, amma abin da ake bugawa a kanta ya girmi mai bugawar. AN15MARKANJED. Babu tazara, babu hoto. Ma'anarsa: nuna mini kujerun da suka rage ranar 15 ga Maris daga Kano zuwa Jidda. Na daɗe ina koyar da wannan harshe ga matasa masu shiga sana'ar, kuma tambayar da suka fi yi mini ita ce, me ya sa har yau ake wahalar da mutane da haddar waɗannan baƙaƙe? Amsar tana cikin tarihin sana'ar.

Kafin kwamfuta, kamfanonin jiragen Amurka da kati suke kama wa fasinja kujera. Kowane tashin jirgi da katinsa, ma'aikata na zaune kewaye da teburi mai juyawa, ana kiran waya suna laluben kati suna sa alama. Kujera ɗaya takan ci fiye da awa guda kafin a kammala ta, kuma sau da yawa lissafin kujeru da sunayen fasinjoji ba sa haɗuwa. A 1953 shugaban American Airlines, C. R. Smith, ya zauna kusa da wani ɗan kasuwar IBM mai suna R. Blair Smith a jirgin Los Angeles zuwa New York. Hirar da suka yi ce ta haifi tsarin kama kujeru na Sabre, wanda aka kafa a kan manyan kwamfutoci biyu samfurin IBM 7090 a Briarcliff Manor ta jihar New York, ya kuma kankama sosai a 1964. Layukan sadarwa na wancan lokaci a hankali suke tafiya, ma'ajiyar kwamfuta kuma tsada gare ta, saboda haka kowane harafi da kuɗinsa. Shi ya sa aka matse kowane umarni ya koma 'yan baƙaƙe kaɗan, ana rubuta gari da baƙi uku, wata ma baƙi uku. Matsin ya wuce tuntuni, harshen ya zauna.

A 1976 aka fara kai na'urorin Sabre da na Apollo, mallakar United, cikin ofisoshin ejan-ejan. Nan fa wata rigima ta taso. Kamfanonin sun lura cewa ejan yakan sayar da abin da ya fara gani a saman allo, sai kowa ya riƙa ɗora jiragensa a sama yana tura na abokan hamayya ƙasa. Sai da hukumar jiragen saman Amurka ta haramta wannan son kai a 1984. Turawan Turai kuma ba su yarda kasuwarsu ta koma hannun Amurkawa ba. A 1987 Air France da Lufthansa da Iberia da SAS suka kafa Amadeus, British Airways da KLM da Swissair da Alitalia da wasu kuma suka kafa Galileo. Yau Galileo yana ƙarƙashin Travelport. Waɗannan manhajoji uku, Amadeus da Sabre da Galileo, su ne ejan a Nijeriya yake aiki da su, kuma kowanne da karin harshensa: abin da Amadeus ke cewa AN, Galileo A kawai yake cewa, Sabre kuwa lamba 1.

Magabatanmu a sana'ar, waɗanda suka yi aiki zamanin Nigeria Airways, da hannu suke rubuta tikiti. Ɗan littafi ne mai shafuka da jan kabon a bayansu, sai an danna biro sosai rubutu ya ratsa har shafin ƙarshe. Lokutan tashin jirage a wani ƙaton littafi ake dubawa, ABC World Airways Guide, kujera kuma ta waya ko teles ake roƙonta a ofishin kamfanin jirgi. Fasinja ya ɓatar da tikitinsa, tamkar ya ɓatar da tsabar kuɗi ne. Ƙungiyar IATA ta rufe babin tikitin takarda daga 1 ga Yunin 2008. Abin da ya rage shi ne lamba mai alƙaluma 13, uku na farko suna nuna kamfanin da ya fitar: 071 na Ethiopian, 077 na EgyptAir, 065 na Saudia. Takardar da fasinja ke riƙewa yanzu shaida ce kawai, tikitin kansa yana cikin kwamfutar kamfanin jirgi.

Darasin farko da nake bayarwa bai canza ba tun ranar da aka ba ni shi. Bukin ba ya tsayuwa sai da abu biyar: suna, hanyar tafiya, lambar waya, wa'adin yanka tikiti, da sunan wanda ya ba da umarnin a yi. A Amadeus su ne NM, SS, AP, TK, RF, sannan ka rufe da ER, kwamfuta ta ba ka lambar bukin mai baƙaƙe shida. Ka manta ɗaya, ta ƙi rufewa. Daga nan FXP ya fitar da farashi ya ajiye, TTP ya yanka tikiti. Ɗalibi mai kaifin kai zai haddace wannan a yini ɗaya. Amma hadda daban, hannu ya saba daban, kuma a wurin sabon ne ake cin makonni.

Don haka ne masu manhajar suka ware fagen gwaji. A Amadeus da JI ake shiga fagen aiki na gaske, da JJ kuma ake shiga na atisaye, inda za ka kama kujera ɗari ka soke ba tare da labari ya kai ga wani kamfanin jirgi ba. Ina da tsanani a kan wannan. Na sha ganin ofisoshin da ke zaunar da sabon yaro a kan fagen gaske su ce ya koya a hankali. Duk kujerar da ya kama da sunan ƙarya, an hana wani matafiyi na gaske ita. Kamfanonin jirage kuma suna biyan kuɗi a kan bukin da ya bi ta waɗannan manhajoji, suna sa ido a kan mai kamawa yana sokewa yana sake kamawa, kuma takardar tara da muke kira ADM za ta iso ofis ta hanyar BSP, tsarin da IATA ke tattara kuɗin tikiti da shi daga hannun ejan zuwa kamfanoni. Tara ɗaya tana iya cinye ribar tikiti da yawa, musamman yanzu da la'adar kashi 9 cikin ɗari da aka saba bayarwa a da ta zama labari.

Inda na fi jan ɗalibai a atisaye shi ne suna, domin a nan mutanenmu suka fi shan wahala. Muhammad, Mohammed, Muhammadu, Mohamed: duk mutum ɗaya ne a wurinmu, amma a wurin kwamfuta mutum huɗu ne. Wani sunan garinsu ne a gurbin sunan iyali a fasfonsa, wata Hajiya da sunan mijinta aka san ta alhali sunan mahaifinta ne a fasfo. Yawancin kamfanoni ba sa yarda a canza suna bayan an rufe bukin, gyaran harafi biyu ko uku ma sai da roƙo. Ƙa'idata ita ce kada ka buga suna daga bakin mutum ko daga saƙon waya. Ka buɗe shafin fasfo, ka kwafa harafi bayan harafi. Haka lambobin garuruwa: KAN Kano ce, KAD Kaduna, harafi ɗaya ya raba su. Sakkwato SKO, Maiduguri MIU, Yamai NIM, Madina MED. Wanda yake shakka ya buga DAN da sunan garin, kwamfuta za ta ba shi lambar. Tambaya ba ta rage wa kowa daraja a wannan aiki.

Sai karanta amsar kwamfuta, wanda ɗalibai suka fi rainawa. HK na nufin kujera ta tabbata. HL na nufin fasinja yana layin jira. TK a nan na nufin an canza lokacin tashi, HX kuma kamfani ya soke. A goman ƙarshe na azumi, lokacin da masu Umara suka cika ofis kuma kujerun Jidda ke ƙarewa cikin mintuna, ejan da bai bambance HK da HL ba zai sallami dattijo da murna, a mayar da shi gida daga filin jirgin Malam Aminu Kano da jakarsa a hannu. A 2022 da 2023, da kuɗaɗen kamfanonin jiragen waje suka maƙale a Nijeriya saboda ƙarancin dala, da yawansu sun rufe azuzuwan kujeru masu araha. Ejan da ya iya karanta jerin baƙaƙen azuzuwa a allo shi ne ya iya yi wa fasinja bayanin dalilin da kujerar jiya ta ninka kuɗi yau, ya kuma nemo masa wata hanya ta Addis Ababa ko Alƙahira.

Ba na musun cewa zamani na juyawa. IATA ta fito da tsarin NDC a 2012 don kamfanoni su riƙa tallata kujerunsu kai tsaye, Lufthansa ta ɗora ƙarin Yuro 16 a kan tikitin da aka yanka ta tsofaffin manhajojin a 2015, kuma Amadeus da Sabre da Travelport duk sun yi fuskoki masu hoto da ake latsawa. Ina koyar da su, suna da amfani ga tafiya miƙaƙƙiya. Amma ranar da jirgi ya fasa tashi, fasinja yana tsaye a Alƙahira, ana buƙatar sake fitar da tikitin da aka riga aka ci rabinsa tare da lissafin bambancin farashi da haraji, a ofisoshin da na sani wanda ya iya baƙaƙen nan ake kira. Shi ya sa har yanzu makonnin farko na ɗalibaina a fagen JJ suke ƙarewa, Kano zuwa Jidda, Jidda zuwa Kano, su kama su soke, har sai sun daina kallon madannai.