Yadda Lissafi Ya Bi Sawun Magani Cikin Fata

Mai karatu, man zafin da kake shafawa a gwiwa, ta wace hanya yake shiga jiki? Amsar tana da dogon tarihi, kuma ta shafi manomin rani a Watari kai tsaye.

A 1855 wani masani Bajamushe, Adolf Fick, ya yi gwaji da gishiri da ruwa, ya fitar da ƙa'ida: abu yana bazuwa daga inda ya yi yawa zuwa inda ya yi ƙaranci. Idan tazarar yawan ta ƙaru, saurin ya ƙaru; idan shingen ya yi kauri, saurin ya ragu.

A 1961 Takeru Higuchi, a jami'ar Wisconsin ta Amurka, ya ɗora ƙa'idar a kan man shafawa. Lissafinsa ya nuna idan lokaci ya ninka sau huɗu, maganin da ya fito sau biyu kawai zai ninka. Dalili kuwa, na kusa da fata ne ke fara ƙarewa, na baya sai tafiyarsa ta yi nisa.

A 1975 Michaels da abokan aikinsa suka kwatanta saman fata da katanga: matattun ƙwayoyin halitta su ne tubali, maiƙo shi ne laka. Kaurinta kashi 1 zuwa 2 ne cikin 100 na milimita, amma ita ce babban shingen. A 1979 Amurka ta amince da filastar magani ta farko, wadda ake mannawa bayan kunne don hana jiri da aman tafiya.

To, fata ba ta tantance magani da guba. A 1971 Howard Maibach da abokansa sun gwada maganin ƙwari parathion a jikin mutane: kusan kashi 9 cikin 100 ya shiga ta damtsen hannu na ƙasa, kashi 36 ta goshi.

Ka tuna da wannan in kana feshin tumatir ko shinkafa a ƙarƙashin madatsar Watari da ke Bagwai. Share gumin goshi da hannun da ya taɓa magani ganganci ne. Rigar da ta jiƙe da feshi kuwa tamkar filasta ce, tana ɗura maka guba muddin tana jikinka. Ka cire ta, ka yi wanka da sabulu nan take: da zarar abin da ke kan fata ya ragu, abin da ke shiga jini ma zai ragu.