Libarbar aljihu mai babban harsashi: daga Birmingham zuwa dazukan Alaska

Da safiyar 2 ga Yulin 1881, Shugaban Amurka James Garfield ya shiga tashar jirgin ƙasa a birnin Washington da niyyar tafiya hutu. Watansa huɗu kacal a kan mulki. Wani Charles Guiteau, wanda ya daɗe yana zarya yana neman a tura shi aikin jakadanci ba a kula shi ba, ya zaro wata guntuwar libarba daga aljihu ya harba sau biyu. Harsashi ɗaya ya shafi hannun shugaban, ɗayan ya shige masa a baya. Likitoci suka yi ta cusa yatsu marasa wanki cikin raunin suna laluben dalma, ciwo ya ruɓe, Garfield ya cika a ranar 19 ga Satumba. Bindigar kuwa samfurin da ake kira British Bull Dog ce, wadda a lokacin ta cika shagunan Amurka, kuma yawancin masu sayenta ba kisa ne a ransu ba, tsoro ne ya kai su.

Kafin Bull Dog, mai neman makamin kare kai yana tsakanin zaɓi biyu ne, kowanne da aibinsa. Libarbar Colt Walker ta 1847 tana da ƙarfi sosai, amma nauyinta ya kai kilo biyu, shi ya sa a jikin sirdi ake rataye ta, doki ke ɗauka. Ƙaramar Colt ta 1849 tana shiga aljihu, an kuma ƙera fiye da 300,000, sai dai harsashinta siriri ne. Akwai kuma ta Henry Deringer na Philadelphia, gajeriya mai faɗin baki, amma harbi ɗaya take yi sai an sake ɗura mata albarushi. Da irinta John Wilkes Booth ya kashe Abraham Lincoln a 1865.

Kamfanin Philip Webley da ke Birmingham ta Ingila ne ya haɗa buƙatun biyu a 1872. Ya fito da libarba mai cin harsashi biyar, bututunta inci biyu da rabi, harsashinta .442 ko .450, wato faɗinsa ya ɗan haura milimita 11. Tana ɓacewa cikin aljihun kwat, amma abin da ke fita daga bakinta na manyan bindigogi ne. Kasuwa ta karɓe ta hannu bibbiyu. Maƙeran Liège a Beljiyam suka shiga kwaikwayonta, haka kamfanonin Amurka irin su Forehand & Wadsworth, har ta kai ana aika wa mutum ita ta gidan waya kan 'yan daloli kaɗan. Finafinan kaboyi sun saba nuna kowa rataye da doguwar Colt a ƙugu, alhali mai shago da ɗan caca da matafiyi sun fi iya sayen wannan gajeriyar.

Doka ma ta taimaka mata ba da niyya ba. Garuruwa irin su Dodge City da Tombstone sun hana yawo da makami a cikin gari, kuma shahararren artabun O.K. Corral da aka yi a Tombstone a Oktoban 1881 ya taso ne daga yunƙurin kwance wa wasu mutane bindigogi. Inda aka hana rataya a fili, sai mutane suka koma wa abin da rigarsu za ta rufe. A 1911 jihar New York ta kafa Dokar Sullivan, wadda ta wajabta lasisi ga duk bindigar da za a iya ɓoyewa a jiki.

Akwai wani lissafi da babu maƙerin da ya taɓa kauce masa. Duk ƙarfin da ya tura harsashi gaba, shi ne ke turo bindiga baya. Bindiga mai nauyi takan shanye kaso mai yawa na wannan shurin kafin ya iso ga mai riƙe da ita. Idan aka rage mata nauyi aka bar harsashin yadda yake, tafin hannu da wuyan hannu ne za su karɓi ragowar. Ga gajeren bututu kuma yana sa saiti wuya, yana ƙara ƙara da walƙiyar wuta. Tarihin wannan sana'a tun daga 1872 kokawa ce da wannan lissafi.

A shekarun 1920 wani ma'aikacin Colt, J. Henry FitzGerald, ya riƙa ɗaukar manyan libarbobi yana datse bututunsu zuwa inci biyu, yana yanke gaban zoben da ke kare kunama, don a zaro a harba da sauri. Kaɗan aka yi, amma tunaninsa ya haifi libarbar Colt mai suna Detective Special a 1927. Ita kam an sauko da harsashinta zuwa .38, domin shi ne abin da hannun yawancin mutane ke iya jurewa a ƙaramar bindiga.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai alminiyam ya shigo, ƙarfen da masana'antar jiragen sama ta ƙware a kansa. A 1950 Colt ya fito da Cobra mai gangar jiki ta alminiyam, irin wadda Jack Ruby ya harbe Lee Harvey Oswald da ita a 1963. Rundunar sojan saman Amurka ta so a wuce nan. Ta sa aka ƙera wa matuƙanta libarba mai suna Aircrewman, wadda har gangar da ke juyawa da harsasai ta alminiyam ce. Sauƙi ya samu, amma gangar ba ta jure matsin harsashi na yau da kullum ba. Aka janye su, aka lalata mafi yawansu, 'yan kaɗan da suka tsira yanzu suna hannun masu tara kayan tarihi.

Tsohon sunan ya dawo a 1973. Charter Arms, wani ƙaramin kamfani da Douglas McClenahan ya kafa a Connecticut a 1964, ya fito da tasa Bulldog: harsashi biyar, bututu inci uku, nauyi bai cika gram 600 ba, tana cin .44 Special, harsashin da Smith & Wesson ya ƙirƙiro tun farkon ƙarni na 20. Harsashi ne mai nauyi wanda ba ya gudu sosai, don haka shurinsa bai kai na .44 Magnum ba, wanda fim ɗin Dirty Harry na 1971 ya sa Amurkawa ke rububinsa. Lokaci ne da fashi da kisa suka yi yawa a manyan biranen ƙasar, ga ta da araha, sai ta zama ɗaya daga cikin libarbobin da aka fi saye a shekarun 1970 da 1980.

Ita ma ba ta tsira daga baƙin suna ba. Tsakanin Yulin 1976 da Yulin 1977 David Berkowitz ya riƙa bin matasa da dare a unguwannin New York, yawanci suna zaune cikin mota, ya kashe shida ya raunata wasu. Kafin a san shi da laƙabin Son of Sam, jaridu da lambar harsashinsa suke kiransa. Da yake ba kowa ke amfani da .44 Special ba, 'yan sanda suka gane samfurin bindigar daga dalmar da aka ciro a jikin mamata, suka shiga bin sawun masu irinta. A ƙarshe takardar tarar ajiye mota ba bisa ƙa'ida ba ce ta kai su gare shi, aka kama shi a Agustan 1977. Abin takaici ne cewa siffar da ta sa mai tsoron 'yan fashi ya saye ta, wato saurin ɓoyewa da ƙarfin duka, ita ce ta yi wa mai farautar mutane amfani.

A shekarun 1980 'yan sandan Amurka suka fara ajiye libarba suna komawa ga fistol mai cin harsasai da yawa, irin su Glock. Mutane suka ɗauka zamaninta ya wuce. Sai jihar Florida ta yi doka a 1987 cewa duk wanda ya cika sharuɗɗa dole a ba shi lasisin ɗaukar bindiga a ɓoye, jihohi da dama suka bi sahu. Miliyoyin fararen hula suka zama masu yawo da makami, kuma abin da suka fara ganowa shi ne bindiga mai nauyi takan ƙare a cikin akwati a gida. Mai sayarwa kuwa ya san haka.

Smith & Wesson ya amsa da sabon haɗin ƙarfe: alminiyam da aka zuba wa ɗan sikandiyom don ya ƙara tauri, da ganga ta titaniyom. Samfurin 340PD mai cin .357 Magnum bai kai gram 350 ba. A 2003 aka fito da 329PD mai cin .44 Magnum, nauyinta ya ɗan haura gram 700, alhali 'yar'uwarta ta baƙin ƙarfe ta wuce kilo ɗaya. Wannan karon ƙarfe ya jure, mutum ne ya kasa. Ƙwararrun maharba da kansu sukan ce harba cikakken Magnum a cikinsu kamar a doke tafin hannu da guduma ne. Shurin yakan kai ga zare dalmar sauran harsasan da ke jira a ganga, ta leƙo waje ta hana gangar juyawa. Mafi muni, wanda bindigarsa ke ji masa ciwo ba ya yawan zuwa filin koyon harbi, kuma hannunsa yakan koyi zabura tun kafin ya ja kunama. Shi ya sa masu koyarwa da yawa ke ba da shawarar a sa mata harsashi mai sauƙi, .38 ko .44 Special, wanda hakan ke mayar da mai ita kusan inda Webley ya tsaya.

Inda 329PD ta fi samun gindin zama shi ne Alaska da Montana, wurin masunta da masu yawon daji da ke tsoron karo da dabbar beyar. Ko a can ma akwai magana. Binciken da Tom Smith da Stephen Herrero da abokan aikinsu suka wallafa a 2008 ya nuna feshin barkono ya dakatar da beyar mai launin ruwan ƙasa a kashi 92 cikin 100 na lokutan da aka yi amfani da shi a Alaska.

Ƙasashe biyun da suka raini wannan makami sun rabu hanya. Bayan kisan yara 16 da malamarsu a makarantar firamare ta Dunblane a 1996, Birtaniya ta haramta wa fararen hula mallakar kusan dukan ƙananan bindigogi a 1997, don haka mutumin Birmingham na yau ba shi da damar sa irin Bull Dog a aljihu. A Amurka kuwa Kotun Ƙoli ta tabbatar da haƙƙin mutum na ajiye ƙaramar bindiga a gida a shari'ar Heller ta 2008, sannan a 2022 ta soke sharaɗin New York na sai mutum ya kawo dalili na musamman kafin a ba shi lasisin fita da ita.

Tsoron da ke kai mutum shagon bindiga gaskiya ne, kuma akwai waɗanda libarbar aljihu ta ceci ransu. Amma alƙaluman hukumar lafiya ta CDC sun nuna mutum 48,830 ne bindiga ta kashe a Amurka a 2021, kuma fiye da rabinsu su ne suka harbe kansu. Maƙera sun yi nasarar sauƙaƙa ɗaukar babban harsashi. Ba su sauƙaƙa harba shi daidai ba, kuma ba su rage haɗarin da ke tattare da ajiye shi kusa da hannu dare da rana ba.